Abin da Na Faɗa wa Fim, Yayarki Ta Ji

Ƙafin Maiyaki.

Zuwa ga 'yata Bilkisu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ki da fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Allah ya sauke ki Kano lami lafiya, ya haɗa ki da mutanen kirki a makarantar ungozoma, ya tsare ki a hanya da masauki. Na cusa takardar a ƙarƙashin ƙuli-ƙulin da na ɗaure miki, don na san sai yunwa ta taɓa ki za ki buɗe wurin, lokacin kuwa mota ta yi nisa. Da baki na so in faɗa miki, to kin san bakina. Ya iya ciniki, ya iya faɗa, ya iya daka wa mutanen cikin fim tsawa, amma da an zo maganar da ta shafe ni da 'ya'yana sai ya mutu.

Ba labarin gida zan ba ki ba, yanzu kika bar shi. Maganar yayarki ce, wadda shekara biyar ke nan ba a yin ta a gidan nan. Yawancin abin da zan rubuta kina wurin aka yi shi, amma kina yarinya, kuma ba wanda ya taɓa zaunar da ke ya jera miki shi. Ina so ki tafi da shi a jere, don abin da nake tsoro ɗaya ne: kada wata rana wani abu ya same ki, ki yi shiru kamar yadda ta yi, in rasa ki kamar yadda na rasa ta.

Yayarki 'yar fari ce. Kin san yadda aka rene mu, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Kakarku ce ta yaye ta, ta riƙe ta har ta shiga firamare. Da ta dawo hannuna sai na ci gaba da abin da aka koya mini, har na zarce. In zan aike ta sai in ce "ke", in zan yi maganarta sai in ce "waccan yarinyar". Mata suna yabona, suna cewa Asabe akwai kunya, ni kuma ina jin daɗi. Ban taɓa zama da ita mu biyu na tambaye ta abin da ke damunta ba. Ina sonta, Allah ya sani, har fiye da yadda nake iya faɗa, amma so ne da ita ba ta da hanyar ganinsa. In Allah ya ba ki haihuwa, ki yi kunyar a gaban surukai in kin ga dama, amma in kun shiga ɗaki ki kira ɗanki da sunansa ki tambaye shi yadda ya kwana.

To da yake ba na yi mata magana kai tsaye, duk abin da ta sani game da ra'ayina a bakin fim ta ji shi. Kin tuna zamanmu na bayan la'asar, ana ɓarar gyaɗa, wayata a jingine da turmi, maƙwabciyarmu Talatu ta shigo da nata kwanon. Ni kuwa ba na iya kallo da baki a rufe. Duk wanda ya fito sai na yanke masa hukunci.

Kuma ba ƙasar da ba mu ga yarinyarta ta yi ciki a wayar nan ba. A na Indiya da ake fassarawa, uban zai wanka mata mari, uwar ta sume, a yi ta kiɗa mai sa kuka, a ƙarshe a nemo wanda zai aure ta a rufe maganar. A na mutanen Kudu, uban zai jefo mata jakarta waje ana ruwan sama, bayan shekaru ɗan da ta haifa ya zama mai kuɗi, ya dawo da mota, iyayen su durƙusa. Akwai wani mai dogon zango na Turkiyya da uwar ta ɓoye 'yar a ƙauye, da ta haihu ta ce jaririn nata ne. A namu na Hausa kuwa kin san hanyar, uban ya ce ba shi ba ita, uwar ta juya baya tana hawaye, yarinyar ta shiga birni ta lalace, sai a gadon asibiti za a sake haɗuwa, ta nemi gafara ta cika. Wanda ya fi ba ni haushi shi ne na Turawa. Yarinya ta faɗa wa uwarta, uwar ta yi ɗan faɗa, sannan ta zo ta zauna a bakin gadonta ta riƙe mata hannu, washegari ta raka ta asibiti, har makaranta ta ci gaba da zuwa da cikinta. Ranar har tsaki na yi na kife wayar. Na ce waɗannan ba iyaye ba ne, ƙawaye ne.

A duk waɗannan, maganata ɗaya ce, kuma na maimaita ta ba adadi: "Wallahi in tawa ce, ba za ta sake taka ƙofar gidana ba. Gara a ce mini ta mutu." Talatu takan ce, "Haba Asabe, bakinki fa, akwai yara a wurin." Ni kuma in ce ai don su ji nake faɗa. Gaskiyar magana ko ni ban san ina nufin haka ko ba na nufi ba. Magana ce ta cika baki, irin wadda mace ke yi don a san gidanta gidan tarbiyya ne. Na ɗauka da mutanen cikin waya nake, waɗanda in an kashe su a nan gobe za a gan su a wani fim ɗin da sabon ɗinki. Yayarki tana gefena tana ɓarar gyaɗa, ita kuwa ba ta da wata maganar tawa da za ta auna wannan da ita. Ki kiyayi yanke hukunci da ƙarfi a kan mutanen da ba ki sani ba, ko da na ƙarya ne. Kullum akwai wanda ke zaune kusa yana lissafa kansa a ciki.

Tana shekara sha shida, tana aji ɗaya na babbar sakandare, na fara ganin alamu. Barci da rana. Hijabi ko a cikin ɗaki. In na ɗora suyar ƙuli sai ta tashi ta koma zaure, ita da ta girma a cikin warin man gyaɗa. Ni da na haihu sau shida ba sai an faɗa mini ba. Na yi makonni ina kwana da abin ina tashi da shi. Ban faɗa wa babanku ba. Ita ma ban tambaye ta ba, don ban san ta inda ake fara magana da ita ba, ban taɓa yi ba.

Sai na yi dabarar da nake ganin ta masu hankali ce. Na kira ki na ba ki memori, na ce ki je wurin mai shagon caji na bakin tasha, ki ce ya tura mini fim ɗin Hausa wanda yarinya ta yi ciki aka kore ta. Kika je kika kawo. Niyyata in kunna, in kalli fuskarta, in ta tsorata ta fashe da kuka sai maganar ta fito da kanta ba tare da na buɗe baki ba. A ranar nan Talatu ba ta shigo ba, mu uku ne. Ban kalli wayar ba sam, ita nake kallo ta gefen ido. Hannunta bai daina ɓarar gyaɗa ba. Da aka zo inda uban ya tura yarinyar waje ya rufe ƙofa, sai ta yi magana, murya ƙasa-ƙasa, ba ta ɗago ba.

Ta ce, "Inna, ita uwar ba za ta bi ta ba?"

Na ce, "Ta bi ta ta yi mata me? Ai ta gama da ita."

Ta ce, "To."

Bilkisu, tambayata ta yi. Iyakar ƙarfin halin da take da shi ke nan ta tattara ta tambaye ni, ni kuma na ba ta amsa. A raina ina cewa bari in ƙara matsa ta kaɗan, yanzu za ta faɗo. Ashe ta riga ta faɗo, ni ce ban ji ba. Ranar kasuwa da ta biyo baya ta wanke mini kayana ta shanya, na ba ta galan ɗin mai ta kai wa mai ƙosan da ke saye a wurina. Ta kai man. Ba ta dawo ba.

Akwai abin da nake so ki ajiye a nan kafin ki ci gaba. Na lura tun daga ranar ba ki ƙara bin hanyar shagon cajin nan ba, sai ki zagaya ta bayan masallaci. Ke aikenki aka yi. Yarinya 'yar sha uku da uwarta ta ba ta saƙo ba ta da laifin abin da ke cikin saƙon. Kada ki ɗauki wannan kayan ki tafi da shi Kano, nawa ne. Shawarata kuma ita ce, in kina da magana da mutum, ki yi masa ita da bakinki, ko muryarki na rawa. Kada ki aika fim, ko habaici, ko wani ya faɗa a madadinki.

Da magariba ta wuce ba ta shigo ba, dole na faɗa wa babanku abin da nake zargi. Na gama shirya jin abin da iyaye maza ke faɗa a fim, har na matsa gefe. Sai kawai ya zauna a ƙasa, da kayan gonarsa a jiki. Sannan ya ce, "Kin sani tun yaushe?" Na faɗa masa. Ya ce, "Kika bar ni ina ta zuwa gona?" Na ce tsoron abin da zai yi mata nake. Ya ce, "Asabe, 'yata ce fa. Me zan yi mata?" Shekara ashirin ina aure da mutumin nan, amma uban cikin waya na ɗauka na sa a wurinsa. Da na faɗa masa tun farko, da shi ya yi abin da na kasa.

Ya hau babur ya bi hanya. Tudun Wada, Doguwa, duk tashar da mota ke tsayawa. A bakin dajin Falgore wata Bafulatana mai tallar nono ta ce masa ta ga yarinya mai irin wannan hijabin, motar Jos ta tsaya, yarinyar ta sauko ta yi amai, ita ta ba ta ruwa ta kuskure baki. Ta ce ta tambaye ta ina za ta, yarinyar ta ce wurin 'yar uwar babarta. Kin san ba ni da kowa a wannan hanyar. Daga nan ba wanda ya ƙara ganinta.

Babanku ya ce a kai cigiya gidan rediyo. Na hana. Na ce a karanta sunan gidanmu duk Kiru da Bebeji su ji? Na ce mu ɗan jira, yunwa za ta koro ta. Na faɗa wa maƙwabta ta tafi Kano wurin dangi za ta ƙarasa karatu, na kuma sa ki kina maimaita ƙaryar a makaranta. Saboda haka direbobi da 'yan acaɓa da masu zuwa cin kasuwa, mutanen da su ne za su iya cin karo da ita, ba wanda ya san ana nemanta. Mutuncin da nake karewa kuwa bai kai wata biyu ba, kowa ya sani, ana dai yi mini kara ne. Ki riƙe wannan: in abu ya ɓaci, a kwanakin farko ake gyara shi, kuma kunya ita ce ke cinye kwanakin.

Limamin unguwarmu, wanda ya koyar da ku a Islamiyya, shi ya karya ni. Babanku ya kai masa maganar, ya zo har zaure ya sa aka kira ni. Na zaci wa'azin ƙarshen fim zai yi mini a kan tarbiyya. Ya ce, "Malama Asabe, abin da ta yi laifi ne babba, ba mai cewa ba laifi ba ne. Amma tsakaninta da Ubangijinta ne, kuma ƙofar tuba ba a hannunki take ba balle ki rufe. Abin da ke cikinta kuwa bai yi wa kowa komai ba. Ku nemo 'yarku." Sai bayan an gama girbin masara na yarda aka kai cigiyar. Ina tsakar gida na ji an karanta sunanta, Hauwa'u, ga shi yau na rubuta da hannuna. Baƙon da bai taɓa ganinta ba ya kira sunan sau uku a rediyo, ni da na haife ta ban taɓa kira ba. Ba wanda ya zo da labari.

Wani abin kuma da sai daga baya na lura. A duk finafinan nan, na kowace ƙasa, namijin da ya yi cikin yakan ɓace tun a farko, a bar kyamara a kan yarinyar da iyayenta. Ni ma haka na yi. Duk makonnin da na yi ina zarginta, ban taɓa tambayar kaina wane ne ba, ko da yardarta ko ba da yardarta ba, ko babba ne ya yaudare ta a hanyar makaranta. Har yau ban sani ba. Wataƙila yana nan garin, wataƙila na sha gaishe shi. Yarinya ce 'yar sha shida, kuma ban tsaya na ji ko zaluntarta aka yi ba kafin in ce an gama da ita.

Kin san na yi shekara ban kalli fim ba, ina cewa su suka lalata mana yara. Wannan ma neman wanda zan ɗora wa ne. Daga baya na koma kallo ni kaɗai, ba don nishaɗi ba, ina neman inda za a nuna mace irina. Ban samu ba. Ba mai yin fim a kan matar da ke zuba tuwo ta ga ta zuba da kwano ɗaya fiye da mutanen gidan, ko wadda in an yi sallama da muryar mace sai gabanta ya faɗi. Ba abin kallo a ciki, shekaru ne kawai suke wucewa. Su a fim ko yaya aka yi ana sake haɗuwa. Na daina sa ran irin na Kudu, mai dawowa da mota. Har na kai ina yi wa uwar cikin fim ɗin Hausa hassada, ita da ake kira asibiti ta ga 'yarta ta cika a gabanta, ta san inda aka binne ta. Ni ban san ko in yi mata addu'ar masu rai ko ta matattu ba, sai in haɗa duka biyun. Ban san ko ina da jika ba.

Na sake neman na Turawan nan da na kife wa waya, na kalle shi har ƙarshe. Ban ce rayuwarsu ta zama tamu ba, kuma ban ce abin da yarinyar ta yi daidai ne ba. Amma matar nan da na kira ƙawa, da safe ta san inda 'yarta take.

Yanzu ke. Kada ki karanta wannan ki ce Inna ta ba ni lasisi. Ki tsare kanki, ki tsare sallarki, kada ki yarda namiji ya keɓe da ke ko malaminku ne, kada ki karɓi abin hannun wanda bai zo gidanku ba. Abin da ya sami yayarki ba ƙaramin abu ba ne, ko da na rungume ta da sai ta sha wuya. Kuma aikin da za ki koya zai kawo miki irinta. Za su zo awo ba miji, da hijabi har ƙasa, wasu da uwa a bayansu tana zagi, wasu su kaɗai. Za ki ji ma'aikata suna yada magana a kansu don a san su mutanen kirki ne. Kada ki sa baki. Ki tambayi yarinyar sunanta, ki kira ta da shi, ki tambaye ta ko tana da inda za ta kwana. In kuma Allah ya sa wata rana kika ga mai kama da mu, ba sai na faɗa miki abin da za ki yi ba.

Makon jiya muna ɗaure kayanki na tambaye ki, in wani abu ya same ki a can za ki faɗa mini? Kika ce, "Zan faɗa, Inna," kina kallon bakin jaka. Na san ba za ki faɗa ba. Ban ga laifinki ba. Ke ma a kan tabarmar nan kika girma, abin da ta ji kin ji, kuma kin ga yadda ya ƙare. Takarda ɗaya ba za ta goge wannan ba, ko na cika ta da rantsuwa. Na makara a wurinki ma, na sani.

Shi ya sa shekaranjiya na hau acaɓa na tafi Burumburum wurin Gwaggonki Lami, ƙanwar babanku. Kin san ni da ita ba ma ga maciji tun ina amarya. Na durƙusa mata a tsakar gidanta, a gaban surukarta. Na ce na zo roƙo ne, in Bilkisu ta taɓa zuwa miki, ko da wane irin abu ta zo, ko da rana ko da dare, ki buɗe mata, kada ki tambaye ta komai sai ta ci ta yi barci.  Ta ce, "In ta zo, in aiko a faɗa miki?" Na ce a'a, sai in ita ta ce a faɗa. Ta ce, "To ke fa, Asabe?" Na ce ni in dai tana cikin wani ɗaki mai ƙofa, a wurin wanda ya san sunanta, ya ishe ni, ko ban sani ba. Ta ce ta ɗauka, ta kuma yi alkawari da Allah.

Saboda haka ba sai kin yarda da ni ba. In kin tashi daga Kano za ki wurin Gwaggo, motar Tudun Wada za ki shiga. Za ta bi ta Ƙafin Maiyaki, za ta tsaya a tasha, za ki hango rufin gidanmu. In ba za ki iya sauka ba, ki sunkuyar da kai ki wuce, ba zan riƙe ki da komai ba. Ki dai sauka a inda aka san ki.

Babanki yana sa miki albarka, ƙannenki suna gaishe ki. Allah ya tsare mini ke gaba da baya, ya ba ki ilimi mai amfani, ya rufa miki asiri duniya da lahira. Allah ya sa kada ki taɓa buƙatar ƙofar Gwaggo, in kuma kin buƙace ta, ya ba ki ƙafar zuwa. Ita kuma yayarki, duk inda take, a kan ƙasa ko a ƙarƙashinta, Allah ya haɗa ta da wanda ya fi ni tausayi. Amin.

Wassalam.

Innarki,
Asabe.